Nazarin wani akwatin kifin ado a Mabera, Sakkwato: yadda yawan abinci ya kusa ƙarar da kifayen

A farkon watan Maris, daidai lokacin da hunturu ya ja da baya kuma bazara ta fara nuna alamunta, wani malamin makarantar sakandare da ke zaune a unguwar Mabera cikin birnin Sakkwato ya aiko a kira ni, domin kifayen adon da ya ajiye a falonsa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma an shaida masa cewa na daɗe ina kiwon irinsu. Da na isa bayan sallar la'asar, ko gaisuwa ba mu kammala ba ya nuna mini akwatin gilashin ya ce, "Malam, kifi goma sha shida munka sa ciki, yau kwana tara, bakwai sun mace, kuma wallahi ba mu taɓa barin su da yunwa ba." Wannan maganar tasa ta ƙarshe ita ce ta zame mini makamar binciken gaba ɗaya, ko da yake shi maigidan ya faɗe ta ne don ya wanke kansa da iyalinsa daga zargin sakaci.

Akwatin wani mai yankan gilashi ne ya haɗa shi a cikin gari, tsawonsa santimita 60, faɗinsa 30, tsayinsa 30, wato yana ɗaukar lita 54 idan an cika shi maƙil, amma da aka zuba tsakuwa aka kuma bar ɗan sarari a sama, ruwan da ke ciki bai wuce lita 45 ba, abin da bai kai jarka biyu ta 'yan garuwa ba. An ɗora shi a kan tebur kusa da tagar da ke fuskantar yamma, an sa masa ƙaramar na'urar tace ruwa mai aiki da wutar lantarki, da furannin roba guda uku. Kifayen kuwa wani ɗan'uwan maigidan ne ya kawo su daga Kano a cikin leda: kifin zinariya huɗu, wanda masu sayarwa ke kira golfish, da ƙananan kifayen nan masu wutsiya mai launi da ake kira gupi guda goma sha biyu. A ranar da suka iso aka cika akwatin da ruwan burtsatse aka juye su ciki. A kwana na uku ruwan ya yi fari kamar an ɗiga masa madara, a kwana na biyar aka wayi gari da gupi biyu a mace, sai maigidan ya kwashe sauran a bokiti, ya zubar da ruwan duka, ya wanke tsakuwar da soson na'urar da omo, ya sake cikawa. Ruwan ya yi garau na yini ɗaya, sannan mutuwar ta ci gaba.

Shi maigidan yana da zato uku. Ko dai zafin Sakkwato ne kifayen Kano ba su jure ba, ko an sayar wa ɗan'uwansa da marasa lafiya, ko kuma ruwan rijiyar unguwar ne ke da wani abu. Ban yi watsi da ko ɗaya daga ciki ba, domin biyu daga cikinsu suna da hannu a lamarin kamar yadda za a gani, amma abin da na fara tambaya shi ne wane ne ke ba kifayen abinci, kuma sau nawa a rana.

A nan ne aka ɗan yi shiru, domin babu wanda ya san amsar. Da muka bi diddigi sai ya bayyana cewa maigidan yana zuba musu kafin ya fita aiki, uwargida tana zubawa da hantsi idan ta ga sun taru a gaban gilashin, yara uku kowanne yana zubawa idan sun dawo daga makarantar boko, sannan su sake bayan Islamiyya, kuma duk baƙon da ya shigo sai an ba shi ya zuba don ya ga yadda suke wawaso. A taƙaice, sau shida ko bakwai ake ciyar da su a kullum. Abincin kuma ba na kifin ado ba ne, ƙwayoyin abincin tarwaɗa ne da wani maƙwabci mai kiwon kifi a tankin siminti ya ɗebo musu, ana haɗawa da ɓarɓashin burodi, kuma sau ɗaya an gwada musu ɗan tuwon shinkafa. Da na sa hannu na motsa tsakuwar sai wani farin gari ya taso kamar hayaƙi, da wari irin na kwatami. Ƙaramar 'yar gidan ta ce, "Baba, ai kullum baki buɗe suke, yunwa ce." Gaskiyarta a abin da ta gani, amma kifi ba ya nuna ƙoshi yadda akuya ko kaza ke nunawa. A cikin kogi bai san lokacin da zai sake samun abinci ba, don haka halittarsa ce ya ci duk abin da ya samu, kuma kifin zinariya musamman ba shi da tumbi na sosai da zai cika ya tsayar da shi, abinci wucewa kawai yake yi ta hanjinsa. Taruwar da suke yi idan sun ga mutum sabo ne, sun koyi cewa inuwar mutum na zuwa da abinci. Buɗe bakin da suke yi a saman ruwa kuwa, a wannan akwatin, neman iska ne.

Ya kamata a tsaya a kan lissafin, domin shi ne zuciyar lamarin, kuma da na yi wa maigidan shi a takarda nan take ya gane, kasancewarsa malami. Abincin ƙananan tarwaɗa yakan ƙunshi furotin kimanin kashi 40 cikin ɗari ko fiye, domin an yi shi ne don kifin da ake so ya yi saurin girma a kai shi kasuwa. Kusan kashi 16 cikin ɗari na nauyin furotin sinadarin naitirojin ne. Ke nan giram ɗaya na wannan abinci yana ɗauke da miligiram 64 na naitirojin, kuma mafi yawansa a ruwa yake ƙarewa da sunan amoniya, wadda guba ce ga kifi, ko kifi ya ci ya fitar da ita ta mashaƙarsa da kashinsa, ko abincin ya nutse ya ruɓe a cikin tsakuwa. Idan aka raba wannan a kan lita 45, giram ɗaya tak na iya kai amoniyar ruwan sama da miligiram ɗaya a kowace lita. Da muka kwatanta abin da 'yan gidan ke zubawa, ya kai cikin ƙaramin cokalin shayi a rana, wato giram biyu ko fiye. Mai kiwon tarwaɗa yana tsira daga wannan ne saboda yana zubar da ruwan tankinsa a kai a kai, kuma tarwaɗa tana da wata gaɓa da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take rayuwa a ruwan da zai kashe gupi cikin yini guda.

A akwatin da ya daɗe yana aiki, akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a jikin soso da tsakuwa da ganyen tsirrai. Kashi na farko suna mayar da amoniya ta zama naitirait, wadda ita ma guba ce domin tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar iskar oksijin, kashi na biyu kuma suna mayar da naitirait ta zama naitiret, wadda ba ta da illa sosai sai ta taru, kuma tsirrai abinci suke ɗaukarta. Waɗannan ƙwayoyi ba sa samuwa da yawa a sabon akwati, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su wadata. Shi ya sa ƙa'idar masu wannan kiwo ita ce a kafa akwati a dasa tsirrai a bar shi ya yi makonni kafin a sa kifi, sannan a sa su kaɗan-kaɗan. A Mabera an sa kifi goma sha shida a rana ɗaya, kuma ɗan abin da ya fara taruwa na waɗannan ƙwayoyi a kwana biyar ɗin farko omo ya tafi da shi. Farin da ruwan ya yi a kwana na uku wasu ƙwayoyi ne daban, masu cin ruɓaɓɓen abinci, waɗanda ba sa rage guba, sai ma su ƙara cinye iskar da ke cikin ruwan.

Zaton maigidan game da zafi da ruwa ya shigo ne a nan. Na zo da ma'aunin zafi da 'yan kwalaben gwajin ruwa. Zafin ruwan da yammacin ya kai digiri 32 saboda ranar da ke dukan tagar, ma'aunin pH, wanda ke nuna tsamin ruwa ko akasinsa, ya nuna kusan 8, amoniya kuma miligiram 2 a lita. Ruwan burtsatsen gidan irin wanda ke barin farin ɓawo a gindin tukunyar dafa ruwa ne, kuma sabulu ba ya saurin kumfa a cikinsa, abin da ba zai ba da mamaki ba a ƙasar da dutsen farar ƙasa ya wadata har ake haƙar sa a Kalambaina ana yin siminti. Irin wannan ruwa ba aibi ba ne ga gupi, hasali ma ya fi son sa a kan ruwa mai tsami. Matsalar ita ce amoniya tana da siffa biyu a cikin ruwa, ɗaya mai sauƙi ɗaya mai kisa, kuma rabon mai kisan yana hawa idan pH da zafi suka hau. A pH 7 da digiri 25 bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma a pH 8 da digiri 30 ya haura kashi 7, wato ya ninka fiye da sau goma. Saboda haka a cikin miligiram 2 ɗin nan akwai kimanin 0.15 na mai kisa, alhali daga 0.05 take fara ƙona mashaƙar kifi. Ga shi kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai: a digiri 20 lita ɗaya tana ɗaukar kusan miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kuma kimanin 7.5, a daidai lokacin da jikin kifin ke ƙara bukatarta. Kuskuren da mai akwati a Jos zai yi ya tsira da asarar kifi ɗaya ko biyu, a Sakkwato cikin bazara rabin akwatin zai ci.

Matakan gaggawa ba su da wuyar faɗa. Na ce a daina ba da abinci kwata-kwata har kwana uku, abin da ya fi komai yi wa uwargida nauyi, a riƙa canza rabin ruwan kullum da wanda ya kwana a bokiti a cikin ɗakin don zafinsu ya zo ɗaya, a tsotse dattin tsakuwar da tiyo, a kuma janye teburin zuwa bangon da rana ba ta kai wa. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin, amma na gargaɗe su cewa duk ranar da suka yi amfani da ruwan famfo sai ya kwana ɗaya a buɗe ko an ɗiga masa maganin kashe kulorin. Washegari na kawo wani tsohon soso daga akwatina, jiƙe a cikin leda da ruwansa, domin ya zama iri, kamar yadda mai nono ke zuba ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara.

Inda muka yi doguwar muhawara shi ne batun kifin zinariya, domin su ne abin ƙaunar yaran kuma uku sun rage. Wannan kifi a ƙasar Sin aka fara kiwonsa fiye da shekara dubu da suka wuce, ɗan ruwan sanyi ne, yana iya kai santimita 20 ko fiye, yana da yawan kashi, kuma yana tuge tsirrai ya cinye masu laushi. Lita 45 ba ta isa ko ɗaya ba idan ya girma. Gupi kuwa asalinsa arewa maso gabashin Kudancin Amurka ne, wajen Benezuwela da Tirinidad, yana jin daɗi tsakanin digiri 22 zuwa 28, kuma yana jure abin da ya ɗan wuce haka. A ganina haɗa su a akwati ɗaya shi ne kuskure na biyu mafi girma bayan abinci, kuma kuskure ne da masu sayarwa ba sa faɗakar da mai saye a kai. Daga ƙarshe maigidan ya yarda aka mayar da su wani babban baho na roba a ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, inda biyu suka rayu. Akwatin ya rage da gupi shida.

Daga nan muka koma kan tsirrai, kuma dalilin da ya sa na nace a kansu ya wuce ado. Na'urar tace ruwa da wuta take aiki, kuma duk mazaunin Sakkwato ya san cewa lokacin da zafi ya fi tsanani shi ne lokacin da ba a iya dogara da wutar. Idan na'urar ta tsaya na sa'o'i, ƙwayoyin da ke rufe a cikinta sukan rasa iska su fara mutuwa. Tsirrai kuwa suna shan amoniya kai tsaye daga ruwa, sun ma fi son ta a kan naitiret, kuma ba sa jiran wuta in dai akwai haske. Abin da na nufa shi ne a gina akwatin ta yadda ko an yini babu wuta ba zai lalace ba, kuma hakan ba ya samuwa sai da kifi kaɗan, abinci kaɗan, da tsirrai masu yawa masu saurin girma.

Mun zaɓi iri huɗu. Balisneriya, mai dogayen ganye kamar na albasa, tana son ruwa mai ma'adinai irin namu kuma tana yaɗuwa da kanta ta ƙarƙashin yashi. Seratofilum, mai siraran ganye kamar gashin wutsiya, ba shi da saiwa, ana sakin sa ne kawai a cikin ruwa, kuma yana cikin masu saurin tsotse datti. Anubiyas, wanda asalinsa dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, har da kudu maso gabashin Nijeriya, ganyensa kauri ne da shi kuma ba ya bukatar haske mai yawa. Na huɗu kuwa kainuwa ce, wadda Hausawa ke yi wa kirari da dashen Allah, kuma duk da ana ganin ta a banza a tafkunan fadama, ba na jin akwai tsiron da ya kai ta amfani ga mai farawa, domin ganyenta a sarari yake yana shan iska yadda yake so, saiwarta kuma tana reto a ruwa tana zuƙe datti, ga ta maɓoyar 'ya'yan kifi. Sai dai ɗebo ta daga fadama yana da sharaɗi. A cikin saiwarta akan sami tsutsar mazari mai cin ƙananan kifi, akan kuma sami ƙananan katantanwa, waɗanda wasunsu ne ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Saboda haka da sanda muka jawo ta daga gaɓa ba tare da shiga ruwan ba, muka wanke ta sau da yawa, muka ajiye ta a bokiti dabam har kwana goma muna tsince duk abin da ya fito, sannan ta shiga akwatin.

Tsakuwar da aka fara sawa mun cire ta, domin manyan ƙwayoyi ce da abinci ke faɗawa tsakaninsu, kuma da na ɗiga mata ruwan khal sai ta yi kumfa, alamar dutsen farar ƙasa ne da ke ƙara ɗaga pH. Muka maye gurbinta da yashin kogi mai ɗan kauri, wanda aka wanke har ruwansa ya fita fes, kauri santimita 5. Akwai masu shimfiɗa ƙasar lambu a ƙarƙashin yashi, kuma hanya ce mai kyau ga wanda ya ƙware, amma na guje mata a nan domin a makonnin farko ita ma tana fitar da amoniya, kuma akwatin bai gama farfaɗowa ba. A maimakon haka mun mulmula busasshiyar laka ƙanana-ƙanana muka cusa a gindin balisneriyar. Anubiyas kuma da zare muka ɗaure shi a jikin dutse, domin idan aka binne kaurin gindinsa da ganye ke fitowa daga ciki, ruɓewa yake yi. Fitila farar LED ce, ana kunna ta bayan la'asar a kashe wajen ƙarfe goma na dare, kimanin sa'a shida, aka ƙara zuwa takwas bayan wata guda. Mun ɗaure lokacin da salla ne domin kowa a gidan ya iya tunawa.

Abu ɗaya da ba a cika gaya wa masu farawa ba shi ne tsirrai idan akwai haske kawai suke ba da oksijin, a cikin duhun dare su ma shaƙa suke yi kamar kifin. Lokaci mafi hatsari a akwati mai tsirrai shi ne gab da asuba, kuma idan aka lura a lokacin ne aka fi tarar da kifi a mace. Don haka muka ajiye tsohuwar na'urar, muka sa soso mai aiki da kumfar iska, tare da ɗan famfon iska irin wanda ake jonawa a fawa bank na cajin waya, kuma dokar ita ce ko da rana an bar shi ya huta, da dare ba ya tsayawa. Game da zafi, dabarar randa muka ara. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda abin da ke tsatsafowa ta jikinta yana bushewa ya tafi da zafi, kuma busasshiyar iskar Sakkwato ta dace da wannan aiki. Muka cire murfin gilashi muka sa raga, muka saita ƙaramar fanka mai caji tana busa saman ruwan, sai zafin ya sauka da digiri 2 zuwa 3. A cikin Afrilu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, ruwan akwatin bai wuce 30 ba. Illar wannan dabara ita ce ruwan yana raguwa da lita ɗaya ko biyu a rana, kuma ma'adinan ba sa bushewa tare da shi, taruwa suke yi, don haka ciko bai isa ba, dole ne a zubar da kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako a sa sabo. Jefa ƙanƙara kuwa na hana, domin saurin sauyin zafi ya fi zafin kansa illa.

Tsarin ciyarwa shi ne ya fi bukatar siyasa, domin hana mutanen da suka saba da karamci ba da abinci ba ƙaramin aiki ba ne. Aka ɗora aikin a kan babbar 'yar gidan ita kaɗai. Aka sayo ƙaramin gwangwani na abincin kifin ado mai kama da ɓawon albasa, ƙarami da gangan, domin da zarar an buɗe shi zafi da iska suna rage masa sinadaran bitamin, kuma babba zai lalace kafin gupi shida su cinye. Kowace Asabar maigidan yakan raba abincin mako a kwalayen ashana shida, kowanne da abin da yatsu biyu za su ɗan tsinka, ya ɓoye gwangwanin. Ana ba su rabi da safe rabi da yamma, kuma ma'aunin shi ne su cinye cikin minti biyu, duk abin da ya kai ƙasa to an yi yawa. Ranar Juma'a ba a ba su komai, yaran suka sa mata suna azumin kifi. Sau ɗaya ko biyu a mako ana musanya abincin da ɗan ganyen zogale da aka tsoma a tafasasshen ruwa aka murje, kuma da damina ta shigo, duk tsutsar sauron da aka gani a duro sai a kwashe da rariya a ba su, wadda ita ce abincin da suka fi so, har ma saboda cin ta ne aka kai gupi ƙasashe da dama. Burodi da tuwo an sallame su, domin kumbura suke yi a cikin kifi kuma narkewa suke yi a ruwa.

Daga ranar da aka fara gyaran, gupi ɗaya ne ya ƙara mutuwa, wanda dama ya riga ya jigata. Amoniya ta ɓace a gwaji cikin kwana goma sha biyu, naitirait ta hau a mako na uku ta sauka a na biyar, kuma a lokacin ne muka daina canjin ruwa na kullum.

Ni ma na yi nawa kuskuren, kuma bai dace a ɓoye shi a cikin nazari irin wannan ba. Ban gargaɗe su game da saurin yaɗuwar kainuwa ba. Cikin wata guda ta rufe saman ruwan ruf, ta tare wa balisneriya haske har ganyenta suka yi rawaya, ta kuma toshe wurin da iska ke shiga ruwan, har aka sake ganin kifayen a sama da asuba. Maganin bai wuce a kwashe ba, kuma tun daga nan ba a bari ta wuce kashi ɗaya cikin uku na saman. Haka kuma sanya anubiyas a tsakiyar bazara gaggawa ce, domin ɗaya daga cikin biyun da muka sa ya narke, ɗayan kuma bai fitar da sabon ganye ba sai da ruwan sama ya sauka.

Asara mafi zafi bayan haka ba ta da alaƙa da abinci. A watan Yuli wani daga cikin yaran ya fesa maganin sauro a falon ya rufe ƙofa, famfon iskar ya zuƙi maganin ya tura shi cikin ruwa, aka wayi gari da kifi uku a mace. Magungunan kashe ƙwari, na feshi ne ko na hayaƙi ko fiya-fiya, ɗan kaɗan daga cikinsu ya isa ya kashe kifi. Yanzu idan za a yi feshi sai an kashe famfon an lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen zane, kuma ba a buɗewa sai ɗakin ya sha iska. Da iyalin za su tafi ƙauye hutun salla na kwana huɗu, maigidan ya so ya bar wa maƙwabci makulli don ya riƙa ciyarwa, na ce masa, "Malam, ka tafi da makullinka, lafiyayyen kifi yana yin mako bai ci ba." Suka dawo suka tarar da su suna tsintar gansakuka a jikin ganye, ruwan ya fi na kullum haske. Hunturu ya zo da akasin matsalar bazara, domin a Disamba da Janairu ruwan yakan sauka ƙasa da digiri 20 da asuba, kuma irin wannan sanyi ne ke buɗe wa cutar farin ɗigo ƙofa. Aka ajiye fanka, aka mayar da murfin gilashi wanda ke tare ƙura, ana kuma lulluɓe akwatin da bargo da dare, aka rage abinci zuwa sau ɗaya a rana saboda cikin kifi ba ya saurin narkarwa a sanyi.

Gupi ba ƙwai yake yi ba, macen haihuwa take yi kusan kowane mako huɗu, kuma tun cikin watan Mayu 'ya'yan farko suka fara ɓuya a saiwar kainuwa, shi ya sa feshin Yuli bai ƙarar da su ba. A ziyarar da na kai ta baya-bayan nan na ƙirga sama da talatin na daina, adadin da ya fi ƙarfin lita 45 idan duk suka girma. Na ba da shawarar a raba maza da mata, a kuma rarraba wa masu so, da sharaɗin kada a zuba ko ɗaya a kogin Rima ko wani tafki, domin baƙon kifi ne da zai iya takura wa na gida. Maigidan ya riga ya ba da goma ga wani abokin aikinsa, wanda ya dasa tsirransa ya jira mako biyar kafin ya zo ɗauka. Yaran suna neman a haɗa akwati na biyu mai tsawon santimita 90, uwargida ta ce falon ba shi da wurinsa, kuma da na baro gidan maigidan yana auna bangon zaure da igiya.